Ƙaho huɗu da tuba ɗaya: gyara aka yi ko ɓarna?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙorafi na kawo, amma in ni ne ba ni da gaskiya ku faɗa mini, ba zan yi fushi ba.

Waɗanda suka daɗe a nan sun san aikin jinya ne ya kawo ni Jamus, wani ƙaramin gari kusa da Leipzig. Tun ina sakandare a Kano nake busa begila, to da na zo nan sai na shiga makarantar kiɗa ta yamma na koyi ƙahon Turawa, nannaɗaɗɗen nan mai faffaɗan baki da ake cusa hannun dama a ciki. Jamusawa Waldhorn suke ce masa, wato ƙahon daji. Shekara 6 ke nan. Yanzu muna da 'yar ƙungiya, mu huɗu, duk ƙaho, ba ganga, ba mai sanda a gaba. Irin kiɗan ɗakin nan ne da kowa ke riƙe da muryarsa shi kaɗai, in ka yi kuskure babu bayan wanda za ka ɓuya. Ni ne na huɗu, ni ke riƙe da ƙasa.

Makon jiya shugabanmu, wani dattijo tsohon malamin makaranta, ya shigo da wani saurayi rungume da tuba, ƙaton abin busan nan na tagulla mai kaurin murya, kamar ya ɗauko tukunyar girkin biki. Wai wasan da za mu yi a watan Disamba da shi za a yi. Muka gwada waƙa ɗaya. Wallahi ko kaina ban ji ba. Kaurin muryar da na yi shekaru ina nema, yaron nan da numfashi guda ya binne shi. Tambayata ita ce, ƙungiyar ƙaho in an sa mata tuba, har yanzu sunanta ƙungiyar ƙaho? Ko mun zama badujala ba mu sani ba?

Na Gidan Iya:
Ni da na hango kan maganar na ɗauka wa'azi za a yi. Na ce ma sha Allah, Ɗan Fagge zai tuba ya bar busa. Ashe tubar ta tagulla ce.

Tsohon Sajan:
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin a je ko'ina, janye kalmar nan. Ka ce "mun zama badujala" kamar mai cewa mun zama abin kunya. Shekara 28 na yi ina busa bes a badujalar 'yan sanda, da wadda ake runguma da wadda ake ratayawa ta zagaye jikin mutum. Ban taɓa busa abin da wani zai bi da baki yana rerawa ba, iyakata pom, pom. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni aka fita fareti ba ni, da suka dawo mai sandanmu cewa ya yi kiɗan ya koma rumfa ba dirka.

Kai dai faɗi gaskiya, kishiya aka yi maka.

Ɗan Fagge:
Tuba nake, Baba. Ban yi nufin raini ba.

Na Gidan Iya:
Kun gani ko? Ya tuba ɗin.

Kwayamasta:
Baba, a gafarce ni, yau ina bayan Ɗan Fagge. Ba kishi ba ne kaɗai, akwai magana a ciki.

Ƙahoni huɗu ba rabin ƙungiya ba ne da ke jiran a cika ta. Cikakken abu ne, kuma da haka ya zo. Asalin ƙahon nan na farauta ne, a fadar sarakunan Faransa aka raine shi, sannan wajen 1680 wani basarake mai suna Sporck ya ji shi a can, ya sa barorinsa suka koya, ya kai shi ƙasar Bohemiya, inda Jamhuriyar Cek take a yau. Tun a ƙarni na 18 mabusa suka kasu biyu, masu sama da masu ƙasa, kowa da horon leɓensa. Shi ya sa har yanzu a okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, na ɗaya da na uku ke hawa, na biyu da na huɗu ke sauka. Ƙahon yana iya kai kusan oktef huɗu daga ƙasansa zuwa samansa (oktef ɗaya shi ne daga do zuwa do na gaba), saboda haka mutum huɗu suna raba muryoyi tamkar ƙungiyar mawaƙa maza. Ni da nake koyar da mawaƙa a coci na san daɗin wannan: murya iri ɗaya, launi ɗaya, daga sama har ƙasa, ba ka jin inda aka yi ɗinki.

Kuma manyan masu tsara kiɗa da wannan lissafin suka yi aiki. Schumann ya rubuta wa ƙahoni huɗu da okestira a 1849. Hindemith ya rubuta sonata ta ƙahoni huɗu zalla a 1952, shekara 3 bayan haka kuma ya rubuta wata daban ta tuba da piyano. Ka ga mutumin ya san tuba sarai, bai manta da ita ba ne, bai gayyace ta wancan zaman ba ne kawai. A Biyana akwai ƙungiyar mabusa ƙaho da Josef Schantl ya kafa tun 1883. Busa ƙasa kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Sarah Willis da ta shiga okestirar Balin a 2001, mace ta farko a sashen tagulla na wannan ƙungiya, da ƙahon ƙasa ta yi suna.

Ita tuba fa? A 1835 aka yi mata rajista a Balin, Wieprecht da Moritz suka ƙirƙiro ta, shi Wieprecht ɗin kuwa mutumin kiɗan sojan Farusiya ne. Don fili aka yi ta, don fareti. Baƙuwa ce a ɗakin nan.

Tsohon Sajan:
Madalla, ashe ma a barikin soja aka haife ta. Na gode da ka ƙara mini hujja, Kwayamasta. Baƙo kuwa ai ba a korar sa don ya zo a makare, shimfiɗa ake yi masa.

Malamar Fiziks:
Ina ta karatu ina dariya. Kwayamasta, ka ce baƙuwa, bari in gaya maka abin da zai ba ka mamaki. In ka warware ƙahon F, wato wanda asalin sautinsa fa ne, ka miƙe shi a ƙasa, tsawonsa kusan mita 3.7 ne. In ka warware tubar F, irin wadda aka fara ƙerawa a 1835 ɗin, ita ma kusan mita 3.7 ce. Tsawo ɗaya, don haka sautinsu na can ƙasa ma ɗaya ne, iska tana girgiza kusan sau 44 a daƙiƙa. Sannan dukansu bututunsu yana buɗewa ne a hankali kamar mazurari, ba kamar tirambon ba da yawancin jikinsa faɗi ɗaya ne kamar bututun famfo. Wannan buɗewar ita ke sa murya ta yi laushi, ta yi zagaye. A duk dangin tagulla, in ana neman wanda zai zauna ƙarƙashin ƙahoni bai yi musu tsawa ba, tuba ce 'yar ɗakinsu.

Kwayamasta:
Malama, tsawo ɗaya ba murya ɗaya ba ne. Ni da ƙanena tsawonmu ɗaya, shi bes yake rerawa ni tena.

Malamar Fiziks:
Ban musa ba, kuma nan ne abin yake da daɗi. Bambancin a faɗin rami yake. Ramin ƙaho wajen bawul, wato abin da ake dannawa a sauya sauti, kusan milimita 12 ne, na tuba yakan kai 18 zuwa 20, daga nan kuma ya yi ta buɗewa har hannu ya shige. Kowane bututu yana da tsanin sautuka da leɓe zai iya hawa ba tare da an taɓa bawul ba. Matakan ƙasa nesa suke da juna, kana hawa suna matsowa. Tuba, saboda faɗinta da zurfin abin bakinta, a matakan ƙasa take zaune hankali kwance. Ƙaho kuwa siriri ne, abin bakinsa ƙarami, sai aka tura shi can sama, har mataki na 16, inda matakan suka cushe. Shi ya sa mai ƙaho ke yawan zamewa ya taka sautin da ke maƙwabtaka, ko da gwani ne. To shi Ɗan Fagge, a matsayinsa na na huɗu, ana sa shi ya sauko da siririn bututu inda ba gidansa ba. Yana iyawa, amma da wahala yake samun abin da tuba ke samu a kyauta. Abin da ya ji a ransa ke nan.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, Anti. Kin faɗi abin da na kasa faɗa. Sai na kumbura kamar zan fashe kafin in fitar da sautin da yaron nan ke fitarwa yana kallon agogo.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri da jahilcina. Hannun nan da kuke cusawa cikin bakin ƙahon, riƙe shi kuke yi ko me? Na ga bidiyo na ɗauka mutumin wani abu ya ɓoye a ciki.

Ɗan Fagge:
Ba jahilci ba ne Hajiya, ni ma haka na tambaya ranar farko. Da can ƙahon ba shi da bawul, sai sautukan tsanin nan da Anti ta faɗa kawai. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 wani mabushi a Dresden, Hampel, ya shahara da dabarar toshe bakin da hannu, kaɗan ko gaba ɗaya, don a samo sautukan da ke tsakani. Bawul bai zo ba sai da Stölzel da Blühmel suka yi masa rajista a 1818. Bawul ya zo, hannu bai fita ba. Yanzu da shi muke gyara sauti in ya ɗan hau ko ya sauka, da shi kuma muke tausasa murya. Shi ya sa hagu ke danna bawul a wajenmu. Kuma bakin ƙahonmu baya yake kallo, na tuba kuwa sama.

Badamagare:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar fanfar muke ce wa abin da kuke kira badujala. Ni abin da ya zo mini shi ne kakaki. A ƙofar Sarkin Damagaram in masu kakaki suka jeru, ba su neman wani ya riƙe musu ƙasa, amma kuma ba su kaɗai ba ne, ga algaita ga ganguna. Ba wanda ya taɓa cewa ganga ta ɓata kakaki.

Kwayamasta:
Ɗan'uwa, tsanin sautin dai ɗaya ne, kakaki ma ba shi da bawul, sauti biyu ko uku yake takawa. Amma aikin daban. Kakaki magana yake yi, kirari yake wa sarki, mai jin Hausa yana tsintar kalmomin. Abin da su Ɗan Fagge ke yi kuwa jera muryoyi ne a kan juna, do, mi, so a lokaci guda, a ji sun narke. In kana neman ɗan'uwan kakaki a Turai, mafarautan Faransa ne da har yau suke busa ƙahon da ba bawul, su jeru su juya wa jama'a baya don bakin ƙahon ya fuskance su. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin abubuwan gado a 2020. Su kam ba ruwansu da tuba.

Badamagare:
To na ji. Amma juya wa mutane baya kana musu busa, a wajenmu sai a ce ba ka da tarbiyya.

Mai Faifai:
Na makara, amma bari in jefa tawa. Kwayamasta, ka lissafo waɗanda ba su gayyaci tuba ba, ka tsallake wanda ya gayyace ta, kuma shi ne ya fi kowa sa mutane kuka da haɗin.

Bruckner nake nufi, simfoninsa ta 7, wato dogon kiɗan okestira, kashi na biyu mai tafiyar hawainiya. Yana cikin rubuta shi labari ya iso cewa Wagner, babban mai tsara kiɗan nan, ya mutu a Benis ta Italiya, 13 ga Fabrairun 1883, sai ƙarshen kashin ya zama makoki. Da me aka buɗe shi? Tubar Wagner huɗu, da babbar tuba ɗaya a ƙarƙashinsu, da gogen biyola a gefe. Huɗu da ɗaya, daidai lissafin da shugabanku ya kawo. Tubar Wagner kuwa wani kayan busa ne daban da Wagner ya sa aka ƙera, masu ƙaho ne ke busa ta, da abin bakin ƙaho, bawul a hagu. An fara jin wannan simfoni a Leipzig, 30 ga Disamban 1884, Nikisch ne ya riƙe sanda. Ɗan Fagge, a maƙwabtanku aka yi abin. Ka nemi faifan ka saurari minti ɗaya na farko da dare, wuta a kashe, sannan ka dawo ka ce mini tuba ba ta da wurin zama.

Kwayamasta:
Na san wurin, kuma ba na musun kyansa. Amma abu biyu. Na farko okestira ce ba kiɗan ɗaki ba. Na biyu, kuma shi ne babba, me ya sa Wagner ya sa aka ƙera sabon kayan busa tun farko? Saboda ya ji akwai rami tsakanin muryar ƙaho da manyan tagulla na ƙasa, yana son abin da zai cike shi. A wasanninsa na Ring da aka yi cikakku a Bayreuth a 1876, masu ƙaho 8 ne, huɗu daga cikinsu suna ajiye ƙaho su ɗauki tubar. Da ƙaho da babbar tuba suna haɗuwa salin alin, da bai wahalar da maƙera ba. Misalinka ni ya taimaka, ba kai ba.

Mai Faifai:
Ya taimake mu duka. Ka yarda akwai rami, na yarda akwai rami. Su Ɗan Fagge ba su da tubar Wagner. To wa zai tsaya a ramin? Ai na huɗu ne. Aikinsa bai mutu ba, wurin tsayuwarsa ne ya sauya.

Tsohon Sajan:
Ku dakata da sunayen Turawan nan, kaina ya fara juyawa. Yaro, tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da kuka gwada, wace takarda mai tubar ya karanta?

Ɗan Fagge:
Tawa, Baba. Babu wata ta daban, kiɗan na mutum huɗu ne. Shugaba ya yi masa kwafi. Har ma an ɗan yi rikici, domin mu abin da muke gani a takarda ba shi ke fita ba, in na ga do na busa, fa na ƙasa ne ke fita, shi kuwa abin da ya gani shi yake fita. Shugaba ya ce kowa ya ba shi do, muka ba shi sauti biyu daban, aka yi ta dariya. Daga baya yaron ya juya takardar a kansa, yana bin layina, wani wurin tare da ni, wani wurin oktef ɗaya ƙasa da ni.

Tsohon Sajan:
Ayyo! Ga inda gizo ke saƙar. An shimfiɗa tabarmar mutum ɗaya an ce ku kwanta ku biyu, kai siriri shi ƙato, sannan kana mamakin ka wayi gari a ƙasa. Wannan ba laifin tuba ba ne, kuma ba laifin yaron ba. Ko a badujala ba ma yin haka, mai yufoniya, ƙanwar tuba ke nan, da mai bes kowa da takardarsa, in sun haɗu a wuri ɗaya da dalili. Ka je ka gaya wa dattijon nan cikin ladabi, in yana son mutum biyar ya nemo kiɗan murya biyar, ko ya zauna ya raba da kansa. A ba tuba gindin, kai a ɗaga ka ka riƙe abin da ke tsakaninta da sauran.

Sannan wace irin tuba ce? In ya tsayar da ita a ƙasa ina take kai masa?

Ɗan Fagge:
Babbar ce Baba, ta B-filat. A ƙungiyar busa ta ƙauyensu yake amfani da ita, irin masu kiɗan bukukuwan giya da na coci.

Tsohon Sajan:
To ka ji. Wannan irin tawa ce, ta fili. In ka shigo da ita ɗaki gaban ƙaho huɗu kamar ka shigo da raƙumi zaure ne.

Malamar Fiziks:
Baba ya yi gaskiya, ita wannan bututunta kusan mita 5.5 ne, ba 3.7 ba, don haka duk abin da na faɗa ɗazu na 'yan ɗaki ɗaya ya ɗan yi rauni a kanta. Masu busa tuba a okestirorin Jamus galibi biyu suke riƙewa, ta F don abin da ke son sauƙin jiki, ta B-filat don abin da ke son nauyi. Ku tambaya ko makarantar kiɗan garin tana da ta F da za a ara masa.

Wani abu kuma da ba a taɓo ba, wurin zama. Ku bakinku baya yake kallo, sai sautinku ya bugi bango ya dawo kafin ya isa kunnen jama'a. In bangon yana mita 3 a bayanku, sautin ya ƙara tafiyar mita 6, a gudun mita 343 cikin daƙiƙa, wato jinkirin da bai kai kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa ba. Kaɗan ne a lissafi amma kunne yana ji. Ita tuba rufi take bugawa, kuma babban bututu ba ya amsawa nan take. Kowa da irin makararsa. In ba ku zauna kusa kuna jin numfashin juna ba, farkon kowane sauti zai riƙa fitowa kamar an zubar da tsakuwa.

Na Gidan Iya:
Anti, ke ko gaisuwa aka yi miki sai kin auna ta da mita.

Kwayamasta:
Zan sassauta, amma ba zan sauka duka ba. Waƙoƙin coci masu tafiya a hankali, da waƙoƙin mafarauta da aka juya wa ƙahoni, da duk abin da dama an ɗauko shi ne daga okestira ko ogan aka rage, waɗannan a sa tuba, ba ni da ja. Dama can akwai gindi mai zurfi a asalinsu, ƙaho na huɗu aron aikin yake yi. In ƙahonin sun kai 8 ma sai na fi yarda, don saman ya yi nauyin da yake son dirka, in ari kalmar Baba. Amma abin da mai shi ya zauna ya rubuta wa ƙahoni huɗu, irin na Hindemith, inda muryoyin ke bin juna suna tsallake juna, na huɗu ya hau na biyu ya sauka, wallahi a bar shi yadda yake. Can babu gindin da za a ba wani. Ka sa tuba ka ɓata.

Tsohon Sajan:
Wannan kuma ban ƙi ba. Mai bes na ƙwarai ya san lokacin da zai ɗora kayansa a cinya ya yi shiru. Mun sha ƙirga layi talatin ba mu busa komai ba.

Uwar Biyu:
Ni dai Ɗan Fagge ka dawo ka ba mu labarin yadda aka ƙare, kada ka bar mu a rataye.

Ɗan Fagge:
Jama'a na dawo, ku yi haƙuri, aikin dare ne ya riƙe ni mako biyu.

Na sami shugaba kamar yadda Baba ya ce. Ashe shi ma abin bai yi masa daɗi ba ranar, kunya ce ta hana shi faɗa tunda shi ya gayyato yaron. Ya zauna ya raba waƙoƙi uku zuwa murya biyar da hannunsa, da fensir. Tubar F ba a samu ba, ta makarantar tana wajen gyara, saboda haka da raƙumin Baba muke ta fama. Amma yaron yana da kunne, an ce ya rage ya rage, kuma an dawo da shi kusa da ni, gefen da bakin ƙahona yake, har ina jin lokacin da yake jan numfashi.

Abin da ban zata ba shi ne wahalar da ta same ni. Da ina ƙasa, ni ake bi. In na ɗan karkace kowa ya karkace tare da ni, ba mai ganewa. Yanzu do yana hannun tuba, ya kafe kamar turmi, ni kuma sau da yawa mi ke faɗo mini. Shugaba ya tsayar da mu ya fi sau goma a wuri ɗaya yana nuna ni da fensir, wai na yi sama. Na duba na'urar auna sauti, allura tana tsakiya daidai. Ya ce in kashe na'urar in saurari yaron. Na ɗan rufe hannuna a cikin bakin ƙahon, na sauko kaɗan, sai kawai na ji wani rawar da ke cikin sautin ya tsaya cak, ɗakin ya cika, har gilashin taga yana amsawa. Ban taɓa jin mu haka ba muna mu huɗu. Ban ji daɗin amsa wannan ba, amma gaskiya ce.

Na Hindemith kuwa, kashi ɗaya muke gwadawa don ya fi ƙarfinmu, mu huɗu za mu yi. Yaron zai sauka ya zauna cikin jama'a. Kwayamasta, ka sami naka.

Malamar Fiziks:
Dattijon yana da gaskiya, na'urarka ma tana da gaskiya. Ita da ma'aunin piyano take aiki. In aka raba tazarar da ke tsakanin maɓallin piyano da na kusa da shi gida 100, mi ɗin da zai zauna lafiya a kan do sai ya sauko da kusan 14. Dalili kuwa, mi ɗin yana nan a ɓoye cikin muryar tubar, shi ne mataki na 5 a tsaninta. In naka bai dace da nata ba sai su riƙa gogayya, rawar da ka ji ke nan. Da kuna ku huɗu ma haka abin yake, tubar ce dai ta tona.

Kwayamasta:
Mawaƙana ma haka nake fama da su, in ogan ya yi shiru sai su gyaru da kansu. Allah ya ba da sa'a ranar wasan. Amma ina nan a kan bakana, a rubuta a takardar gayyata cewa ƙahoni huɗu ne da baƙuwa.

Ɗan Fagge:
Ga ɗan abin da na ɗauka da waya jiya, minti ɗaya da rabi ne, waƙar farko. Ku yi haƙuri da inda na uku ya zame.

Tsohon Sajan:
Na saurara sau uku. Ƙahonin na ji su, sun yi kyau, har na gane muryarka a tsakiya. Amma ina tubar? Ko kun sake korar yaron ne?

Malamar Fiziks:
Tana nan Baba, lasifikar waya ce ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Ka sa abin kunne ka sake ji.

Tsohon Sajan:
Abin kunnen jikata ta ɗauke tun shekaranjiya. Bari ta dawo daga Islamiyya.